Gilashi Ruwan Zuma a Hannun Ƙarfe-Nawa

Kafin ku fara yi mini faɗa a sharhi kamar yadda kuka saba, bari in riga ku: ni na jawo wa kaina. Ba wanda ya yi mini dole. Bakina ne, wannan bakin da Umma ta daɗe tana cewa wata rana shi zai yanka mini wuya, ya tashi tsaye a gaban Baba ya cika mata magana.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta a gidanmu, kuma ina aiki a masana'antar da ke yin gilashin fuskar agogo. Ba agogon da ake zubawa a faranti a bakin titi ba, irin wanda idan mutum ya ɗaura sai hannun ya fara raina sauran jikin. A gida kuwa, idan aka tambayi Gwaggo, ƙanwar Baba, aikin me nake yi, taɓe baki take ta ce, "Goge gilashi take, yarinya da digirinta." Na yi bayani har na gaji, na bar ta a haka.

Ku dai zan yi muku, don ba za ku gane bala'in da na shiga ba sai da shi. Abin da muke yi ba gilashi ba ne ma, sunan ne ya bi shi. Yaƙutu ne, a wurin aiki safaya muke ce masa, sai dai namu ba haƙo shi ake yi ba, a tanderu ake renonsa. Wani farin gari ake zubawa, mai laushi kamar hodar jarirai, a ba shi wuta har ta haura digiri dubu biyu ya narke. Sai a taɓa saman ruwan da 'yar ƙwayar yaƙutu, iri ke nan, a riƙa janye zafin a hankali, dutsen yana girma a jikin irin kwana da kwanaki. Aka yi gaggawa ya tsage. Wuta ta yi wargi ya tsage. Aka buɗe tanderu bai gama hucewa ba, nan ma ya tsage. In ya kammala kuwa, kusan sai daimon ke iya karce shi.

Kala tun a garin ake sa ta. Ɗan mitsitsin ƙarfe ake haɗawa, wani ya ba da ja, wani shuɗi, kalar ta girma tare da dutsen ta zauna a cikin jikinsa. Daga nan a yanka da waya mai ƙurar daimon, a gurje, a sake gasa shi don ya saki jiki, a goge, a shafa masa abin hana ƙyalli. Bayan duk wannan wahalar sai ya iso teburina. Ina zaune cikin farar riga da hular rufe gashi da safar hannu, fitila a sama, baƙin ƙyalle a ƙasa, madubin ƙara girma a idona, ni ce zan ce ya yi ko bai yi ba. Wanda ya yi, koren akwati. Wanda bai yi ba, jan akwati, a kai inji a niƙe, kuma doka ta ce in tsaya a kai in gani da idona sannan in sa hannu. Aikina ke nan, ƙin abu. Umma ta ce shi ya sa har yau ban yi aure ba, wai aikin nake tahowa da shi gida.

Da gaskiyarta ta wani fannin. Shida suka zo na ce ba su yi ba. Na bakwai Yaya ne ya kawo shi.

Yaya shi ne babban wana, shi ya samar mini aikin nan, yana ɓangaren yanka da niƙa. Yana da yara biyu, matarsa ga tsohon ciki. Na bakwan nan kuwa abokinsa ne, dillalin motoci, ni na raɗa masa Ƙarfe-Nawa, saboda hannun rigarsa na hagu kullum a naɗe yake ko da sanyi ake, kuma ba sai ka tambaye shi lokaci ba zai gaya maka. Ga irin saƙon da nake tashi da shi:

"Barka da safiya tauraruwata. Yanzu ƙarfe 7:02 daidai."

"Kin ci abinci? 1:15 fa ta yi."

"Minti arba'in da uku ke nan da kika karanta ba ki amsa ba."

Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Yana gaida Baba a durƙushe, yana kawo wa Umma lemo katan guda. Ni dai ba na son sa, ko ɗigo. Kuma tun zuwansa na biyu ya sanar da ni, yana murmushi kamar mai ba ni kyauta, cewa matarsa ba za ta riƙa fita goge gilashi ba. Ashe har ya zauna da Gwaggo.

Baba tsohon malamin makaranta ne, ba ya ɗaga murya, kuma a duniya ba abin da ya tsana irin ƙarya. Ya kira ni ya ce, "Auta, ba zan yi miki dole ba. Amma wannan karon ba zan karɓi 'bai kwanta mini ba'. Ki kawo mini dalilin da zan iya faɗa wa mutane ban ji kunya ba."

Wata guda ina neman dalili. Mutumin nan ba ya shan komai, ba ya zagi, ko tsaki ban taɓa ji ya yi ba. Sai ga shi ran nan ya shigo falonmu, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hasken taga ya sauka a kan agogonsa. Agogon dai wanda na sani ne, amma fuskar ta canza. Gilashin ya koma ruwan zuma.

Jama'a, wata takwas muka yi a kan wannan kalar. Dutse nawa ya tsage, nawa ya fito da zane-zane, Allah kaɗai ya sani. Sirrin haɗinta mutum uku ne suka sani a duk masana'antar, ba ni a ciki. Kamfanin agogon da ya sa mu aikin bai fitar da ko ɗaya kasuwa ba, hoton talla kawai ya saki. To ta ina dillalin motoci zai samu? Amsa ɗaya ce a ganina: masu jabu sun ga hoton, sun shafa wa gilashin taga fenti, shi kuma ya saya yana hura hanci. Na ƙura wa hannunsa ido na karkata kai, yadda nake yi a teburin aiki, farin ciki kamar ya kashe ni.

Ashe Gwaggo na bayan labule. Kafin ya kai mota labari ya kai kicin.

"Ta kamu," in ji ta. "Ni na gani da idona. Ko ƙiftawa ba ta yi, har wani langaɓar da kai take."

Umma ta dube ni ta ce, "Ke da kunyar banza. Da tuni kin faɗa."

Ranar Juma'a da yamma na samu Baba a tsakar gida yana gyara ƙafar tabaransa da zare. Na durƙusa na ce na samo dalili. Na ce mutumin maƙaryaci ne, jabu yake ɗaurawa yana ce wa mutane na gaske ne, wanda kuwa zai yi ƙarya da hannunsa zai yi da bakinsa.

Baba ya ajiye tabaran. "Kin tabbata? Wannan ba ƙaramar magana ba ce a kan ɗan mutane."

"Baba, aikina ne."

"Aiki ma ana kuskure a cikinsa."

Nan ne ya kamata in yi shiru. Amma ni da aka shekara huɗu ana ce wa mai goge gilashi, ga dama ta samu in nuna wa gidan nan ko ni wace ce, ina zan iya? Na ce, "Baba, a kira shi gobe in duba a gabanka. Wallahi in gilashin nan na gaske ne, na amince, a sa rana."

"Ke kika faɗa," in ji Baba.

"Ni na faɗa."

Umma ta buga wa Yaya ta ba shi labari tana dariya. Ba a yi minti biyar ba wayata ta fara ruri. Na ƙi ɗauka. Ya sake kira, na kife ta. Sai saƙo:

"Auta ki bar maganar agogon nan."

"Ki ɗauki waya mana."

"Ki nemi wani dalilin, ni zan taya ki nema."

Na rubuta masa, "Abokinka kake karewa, ni kaina nake karewa," na sa hoton dariya guda uku, na kashe wayar. Washegari ya zo gidan da sassafe, ina jin muryarsa na shige banɗaki na ƙi fitowa har lokacin aikinsa ya kore shi, don su masu inji har Asabar suna aiki. Ina ciki ina yaba wa kaina wayo.

Asabar da la'asar na ci kwalliyar da ban taɓa yi wa Ƙarfe-Nawa ba. Doguwar riga ruwan toka mai aiki a wuya, mayafi baƙi, kwalli, turaren da nake ɓoyewa a bayan littattafai don kada Gwaggo ta ƙarar. Umma ta ga kwalliyar ta share hawaye, ita a tunaninta ta soyayya ce. Aka cire ledar da ke rufe kujerun falo, aka fito da kofunan da ba a taɓawa sai da baƙo. Baba na kan kujerarsa, Umma da Gwaggo a doguwar, Ƙarfe-Nawa ya zo cikin farar riga mai sheƙi, hannun hagu a naɗe. Yaya ya shigo a ƙarshe, ko rigar aiki bai cire ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

Baba ya yi bayani a taƙaice, cikin ladabi, wai yarinya tana so ta duba agogon saboda sana'arta ce. Na zaci mutumin zai daburce. Ina, washe baki ya yi, ya kwance ya miƙo da hannu biyu.

"Bismillah. Wani masoyi ne ya yi mini hanyar gilashin, ya ce kada in faɗa. Amma a duba, gani ya kori ji."

Na shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur. Na yi wa falon ɗan karatu tukuna, don Gwaggo ta ji: gilashin banza in ka ɗiga masa ruwa bajewa yake, safaya kuwa ruwan dunƙulewa yake a kansa. Na tsoma tsinke a kofi na ɗiga. Ɗigon ya zauna a dunƙule, ko motsi bai yi ba.

Na ce a raina, masu jabun nan sun fara wayewa. Na goge, na kai shi kumatuna, don safaya ya fi gilashi sanyi a fata, mu a wurin aiki ba ma ma sanin mun yi hakan. Sanyi ƙalau. Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce, "Ikon Allah, a gaban ubanta."

Na ciro madubin ƙara girma daga jaka na matsa jikin taga. Fenti nake nema, wurin da ya ɗaye a gefe, ko inda ya fi kauri. Babu. Kalar daga ciki take fitowa, a nutse, irin wadda ba ta samuwa sai a tanderu. Na juya shi a hankali, na bi gefen, sai ga su can dab da baki: kumfa biyu, ƙanana, ɗaya kusa da ɗaya, da wani siririn zane mai ɗan duhu ya ratsa ta ƙarƙashinsu.

Na san shi. Wallahi na san shi kamar yadda na san tabon da ke gwiwata.

Wata biyu da suka wuce ya zo teburina. Ya fi duk 'yan uwansa kyan kala, har na kira Madam, shugabar sashenmu, na roƙe ta a bar shi ya wuce, tunda kumfar ba mai gani da ido. Ta karɓa ta duba ta ce, "Mai gani ya riga ya gani, ke." Na jefa shi jan akwati raina ba daɗi. Na ɗauki akwatin na kai ɗakin niƙa, Yaya ne a kan inji, ga lokacin abinci ya yi, ga layi. Ya ce, "Je ki ci abincinki Auta, kin rame. Sa hannu kawai, ni zan niƙe." Na sa hannu na tafi. Wa zai tsaya gadin wansa uwa ɗaya uba ɗaya?

Na ɗago na dubi bakin ƙofa. Yaya gumi yake, ya sunkuyar da kai yana danna waya. Tawa ta yi motsi a kan tebur, na ɗauka kamar zan kashe ta.

"Guda ɗaya ne. Nasa ya fashe ya dame ni. Dama niƙewa za a yi."

Sai wani: "Don Allah."

"To, Auta?" in ji Baba.

Ku da kuke zaune a kan gadajenku kuna karantawa, na san kowa ya riga ya shirya mini amsa. Ku taya ni lissafi. In ce jabu ne, na yi ƙarya a gaban Baba, kuma Ƙarfe-Nawa ba zai haɗiye ba, juyawa zai yi ya ce abokina, faɗa musu inda ka samo. In ce na gaske ne amma na sata ne, na tsira daga auren, don Baba ba zai ba da 'ya ga mai kayan sata ba, sai dai ɓarawon nan ba kowa ba ne, ɗansa ne na fari, kuma Baban da na sani da kansa zai kama hannunsa ya kai shi masana'anta. Yaya ya rasa aiki ga haihuwa a gaba, ni in bi shi tunda hannuna ne a takardar. Gaba kura, baya sayaki. Na zo da dalilin da zan kunyata baƙo, ashe a ɗakinmu dalilin yake kwana.

Na ji haushin Yaya har cikin haƙorana. Na kuma tuna shi ne ya yi wata uku yana bin ofis-ofis da takarduna a leda. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce, amma ba a faɗi yadda ake zama da warin ba.

"Na gaske ne, Baba."

Muryata ce, amma kamar daga maƙwabta ta fito.

"Kin duba da kyau?"

"Na duba."

"Babu wani abu da kika gani da ya kamata in sani?"

Shekara huɗu a teburin nan ban taɓa barin abu mai aibi ya wuce ba. Na ce, "Babu."

Baba ya gyaɗa kai. Ya juya wurin Ƙarfe-Nawa ya ba shi haƙuri a kan zargin da aka yi masa a bayan idonsa, ya ce yarinya ta yi alkawari da bakinta, shi kuma bai haifi mai saɓa magana ba, ya turo manyansa. Umma ta rungume Gwaggo. Gwaggo ta ce ita dama tun ranar labule ta sani, duk wannan gwaje-gwajen yanga ce ta 'yan boko. Ƙarfe-Nawa ya karɓi agogonsa ya ɗaura, ya duba, ya sanar da falon cewa ƙarfe biyar da minti goma sha ɗaya aka yi wannan abin alheri.

Ban raka shi ba. Na wuce bayan gida inda muke shanya, na zauna a kan bokitin wanki da doguwar rigata da turarena, na yi kukan da ba sauti. Tsoro nake ji, da baƙin ciki, da kunyar kaina. Ba a jima ba Yaya ya biyo ni, ya tsaya daga nesa kamar wanda ya zo gaisuwa.

"Auta."

"Kada ka kira ni."

"Na kira ki jiya, kin ƙi ɗauka. Na zo da safe."

"Wata biyu kana da bakin magana, sai jiya?"

Ya ce shi bai ɗauka wani abu ba ne, abin da za a mayar gari, mutum ya roƙe shi, abokinsa ne tun suna yara. Ya ce gobe-goben nan zai je ya lallaba shi ya karɓo, ya sa mai gyara ya mayar masa da farin gilashi, wannan kuma ya niƙe shi da hannunsa, shi ke nan an bar kaza cikin gashinta. Maganar aure kuma in ba shi lokaci, zai san yadda zai warware.

"Kamar yadda ka niƙe wancan karon?"

"Na rantse miki da Allah."

Kun san wauta? Na fara yarda. Na fara jin cewa ko ba komai na ceci gida, aikina yana nan, nasa yana nan, saura in nemi hanyar zame wa Ƙarfe-Nawa a hankali. Na goge fuskata da bakin mayafi na ɗauki waya in ga ko kwallin ya zubo.

Sanarwa goma sha tara.

Ashe ko kwanar layinmu bai sha ba ya faka mota. Ya ɗora hannunsa a kan sitiyari, ya ɗauki agogon hoto kusa-kusa, rana na dukan gilashin, kalar ta fito fes yadda ko mai tallanmu bai iya fito da ita ba. Ya sa a shafinsa, ya rubuta: "An tantance. Na gaske ne. Amaryata ƙwararriya ce a masana'antar da ke yin sa, ita ta tabbatar da bakinta yau 5:11." Ya maƙala sunana. Don kada a ce bai cika ladabi ba, ya maƙala shafin masana'antarmu ma.

A ƙasan sanarwar akwai saƙo ɗaya daga Madam, matar da ba ta taɓa rubuta mini komai ranar hutu ba. Hoton ta turo, ta ƙara masa girma, ta zagaye gefen gilashin da jan layi.

"Ina taya ki murna. Litinin ƙarfe takwas, ofishina. Ki zo da takardar da kika sa wa hannu cewa an niƙe wannan. Ki taho da wanda ya niƙe."

Yaya yana tsaye a gabana tsakanin igiyoyin shanya, yana ta yi mini godiya, yana cewa ba zai taɓa manta abin da na yi masa yau ba. Bai san me nake karantawa ba.